Yadda aka toshe gibin kenel a QEMU: nazarin kernel-hashes a kan AMD SEV

QEMU manhaja ce ta tayar da injin kwaikwayo, wato kwamfuta ta manhaja da ke gudana a cikin wata kwamfutar. QEMU 2.12, wanda ya fito a 2018, shi ne ya fara tayar da irin wannan injin a ƙarƙashin kariyar SEV ta kamfanin AMD. Abin da SEV ya zo da shi shi ne mutum ya yi hayar kwamfuta a wurin wani kamfani, ya ɗora aikinsa a kanta, amma mai kwamfutar ba zai iya leƙa RAM ɗin injin ba, domin masarrafin EPYC na AMD yana kulle shi da mabuɗin da ba ya fita daga cikin masarrafin. A wannan harka injin kwaikwayon shi ne baƙo, kwamfutar da ke ɗauke da shi haɗe da QEMU da KVM, sashen Linux da QEMU ke dogara da shi, su ne mai masauki, kuma tun farko an ɗauka cewa mai masaukin ba abin yarda ba ne.

Kulle RAM kaɗai ba ya wadatarwa. Mai masauki shi ke tayar da baƙo, shi ke zaɓar abin da zai fara gudana a ciki. In ya ga dama sai ya tayar da kenel, wato zuciyar tsarin aiki, wanda ya cusa wa abin leƙen asiri, mai injin, wato wanda ya yi hayar, ya turo mabuɗin faifansa, kenel ɗin ya miƙa shi waje, RAM kuwa yana nan a kulle. Shi ya sa SEV ya zo da tsarin shaida: kafin mai injin ya saki wani sirri, masarrafin zai ba shi awon abin da aka ɗora. Daga 2018 zuwa ƙarshen 2021 wannan shaidar tana da gibi babba ga duk wanda ke tayar da Linux kai tsaye da -kernel, kuma yadda aka toshe shi da zaɓin kernel-hashes, da abubuwan da suka ɓaci bayan an toshe, su ne abin da za mu bi a nan.

Abin da masarrafi ke aunawa

A cikin kowane EPYC akwai wani ƙaramin masarrafin tsaro, PSP, mai tasa manhajar dabam. Shi ke riƙe mabuɗan baƙi, shi kuma ke yin awo. Mai injin yana fara karɓar satifiket ɗin PDH na kwamfutar, ya bi sarkar sa hannu daga PDH zuwa PEK zuwa CEK zuwa ASK har ARK, wato tushen AMD. In sarkar ta tabbata, sai ya ƙirƙiri mabuɗai biyu masu bayit 16 kowanne: TIK na tantance saƙo, TEK na kulle saƙo. Yana nannaɗe su ta yadda PSP ɗin nan kaɗai zai iya warwarewa, ya ba QEMU fayil biyu ta dh-cert-file da session-file. QEMU yana miƙa su ne kawai, ba ya iya karanta mabuɗan.

Daga nan umarnai ke bin juna. LAUNCH_START yana buɗe zaman. Duk lokacin da QEMU ya kira LAUNCH_UPDATE_DATA a kan wani yanki na RAM ɗin baƙo, PSP yana kulle yankin a inda yake, yana kuma zuba bayit ɗin cikin wani hash na SHA-256 da yake tarawa, wato gajeriyar lambar da ke sauyawa in an sauya ko bayit ɗaya. Wannan tarin shi ne LD, wato awon tashi. LAUNCH_MEASURE yana fitar da bayit 48: 32 na farko HMAC-SHA256 ne, wato hash mai mabuɗi, da aka yi da TIK, 16 na ƙarshe lamba ce da PSP ya zaɓa don wannan karon kaɗai. Abin da ke shiga HMAC ɗin, a jere, shi ne bayit ɗaya mai 0x04, sai babbar lambar API da ƙarama, lambar ginin manhajar PSP, manufar baƙo (policy, ƙa'idojin kariyarsa) mai bayit 4, LD mai bayit 32, sannan waccan lambar ta sau ɗaya. Mai injin yana lissafa LD da kansa a kwamfutarsa daga fayilolin da ya yarda da su, ya haɗa HMAC, ya gwada. In sun yi daidai sai ya aika sirri ta LAUNCH_SECRET, sannan LAUNCH_FINISH ya rufe ƙofar awo, baƙo ya fara gudu.

Duk tsarin ya rataya a kan cewa mai injin zai iya sake gina LD bayit da bayit ba tare da ya tambayi mai masauki komai ba. A riƙe wannan, domin kusan duk matsalar da ta biyo baya daga nan ta fito.

Inda gibin yake

Abin da QEMU ke kullewa kafin tashi shi ne manhajar tushe, OVMF, wadda ke cikin pflash na farko. A SEV zalla ita kaɗai ke shiga LD. Idan aka ba QEMU -kernel da -initrd da -append, wato kenel, da initrd (ƙaramin faifan da kenel ke fara hawa a RAM), da layin umarnin kenel, ba ya saka su cikin RAM ɗin baƙo tun farko. Yana ajiye su a fw_cfg, wata 'yar na'urar kwaikwayo da OVMF ke magana da ita ta ƙofofi 0x510 da 0x511, da 0x514 don DMA. OVMF tana karanto su ne bayan ta fara gudu, wato bayan LAUNCH_FINISH, lokacin da awo ya riga ya rufe. Ita fw_cfg kuwa tana hannun mai masauki gaba ɗaya.

Sakamakon haka awon baƙon da aka tayar da kenel na gaskiya da na wanda aka tayar da kenel na bogi iri ɗaya ne. Mai masauki ma ba ya bukatar taɓa kenel. Ya ishe shi ya ƙara init=/bin/sh a layin umarni, ko ya musanya initrd da wanda zai kwafe sirrin ya fitar ta tashar siriyal.

Maganin farko da injiniyoyin IBM suka kawo wajen ƙarshen 2020 shi ne wani gini na musamman na OVMF mai suna AmdSev, wanda aka cusa GRUB, manhajar loda kenel, a cikinsa. Tun da GRUB yana cikin fayil ɗin OVMF, ya shiga awo. Shi ke karɓar sirrin, ya buɗe faifan da aka kulle da LUKS, ya ɗauko kenel daga ciki. Wannan yana aiki, kuma ga injin da zai daɗe yana gudana hanya ce mai kyau. Amma tana bukatar faifai a kulle wanda aka shirya tun da wuri, kuma ba ta dace da irin Kata Containers ba, inda ake tayar da ƙananan injuna da yawa daga kenel ɗaya da initrd ɗaya, waɗanda ba sirri ba ne ko kaɗan. A wurinsu ba ɓoye kenel ake nema ba, tabbacin cewa ba a sauya shi ba ake nema.

Za a iya tambaya me ya hana QEMU ya zuba kenel da initrd ɗungurungum cikin RAM, ya kira LAUNCH_UPDATE_DATA a kansu. Dalili na farko shi ne PSP ƙaramin masarrafi ne mai jan ƙafa, kuma duk baƙin da ke kwamfutar a layi ɗaya suke jiransa. Wuce masa da initrd mai megabayit gommai yana ƙara wa kowane tashi jinkiri. Na biyu, da sai an koya wa OVMF inda aka ajiye su da yadda za ta kauce wa taka wurin, alhali hanyar fw_cfg tana nan tana aiki.

Tebur mai bayit 176

Dabarar da aka zaɓa ita ce a bar fayilolin su bi ta fw_cfg kamar da, amma a saka hash ɗinsu cikin awo. Kamar kayan da aka ɗora a buɗaɗɗiyar mota ne, amma takardar lissafinsu tana cikin ambulan mai hatimi, mai karɓa kuma ba ya sa hannu sai ya ƙirga. QEMU yana lissafa SHA-256 na fayilolin uku, ya rubuta su a wani ƙaramin tebur cikin RAM ɗin baƙo, ya kira LAUNCH_UPDATE_DATA a kan teburin. OVMF, wadda ita ma an auna ta, tana karanto fayilolin daga fw_cfg, ta lissafa nata hash, ta gwada da teburin. Idan QEMU ya yi ƙarya a tebur, awo zai tona shi. Idan ya rubuta tebur na gaskiya ya kawo fayil na bogi, OVMF za ta kama shi.

Tsarin teburin ƙayyadadde ne. Yana farawa da GUID, wato lambar shaida, mai bayit 16, 9438d606-4f22-4cc9-b479-a793d411fd21, sai tsawo mai bayit 2. Sannan shigarwa uku, kowace da GUID mai bayit 16, tsawo mai bayit 2, da hash mai bayit 32, jimilla 50. Jerin su shi ne layin umarni, initrd, sannan kenel a ƙarshe. 18 da 150 sun ba da 168. Amma LAUNCH_UPDATE_DATA ba ya karɓar tsawon da 16 ba ta raba shi ba, domin AES a kan tubalan bayit 16 yake aiki, don haka ana ƙara sifili takwas ya zama 176. Filin tsawo na teburin yana ɗauke da 168, abin da ke shiga awo kuwa 176 ne.

Saura wurin da za a rubuta shi. QEMU ba ya zaɓar adireshi da kansa, OVMF ce ke faɗa masa. A ƙarshen fayil ɗin OVMF akwai wani jeri da ake karantawa daga baya zuwa gaba. Bayit 32 na ƙarshe na wurin da masarrafi ke fara gudu ne, kafin su akwai GUID na ƙafar jerin, 96b582de-1fb2-45f7-baea-a366c55a082d, wato bayit 48 daga ƙarshe. QEMU yana bin jerin har ya sami shigarwa mai 7255371f-3a3b-4b04-927b-1da6efa8d454, wadda ke ɗauke da lambobi biyu masu bayit 4: adireshi da girma. A ginin AmdSev an raba shafi ɗaya mai bayit 4096 gida biyu, 3072 na sirrin da mai injin zai turo, 1024 na teburin hash.

A ɓangaren OVMF, wanda ya shiga edk2, aikin da OVMF ke cikinsa, a fitowar stable202108, an ƙara wani laburare mai suna BlobVerifierLib. Ginin yau da kullum yana amfani da nau'in da ke amincewa da komai, ginin AmdSev kuma yana amfani da nau'in da ke duba tebur. An yi gyara biyu da suka fi laburaren kansa muhimmanci. Na ɗaya, an sa layin umarni ya riƙa bi ta QemuKernelLoaderFsDxe tare da kenel da initrd, maimakon a karanto shi daga fw_cfg a wani wuri dabam inda ba mai duba shi. Na biyu, an sauya AmdSev zuwa GenericQemuLoadImageLib, wanda ke tayar da kenel ta hanyar EFI kaɗai, aka bar tsohon mai lodin x86 da ke da hanyoyin komawa baya masu wuyar tsarewa. Akwai kuma maganar lokacin da ake yin hash. DMA na fw_cfg yana sauka ne a shafin da ba a kulle ba, wanda mai masauki ke iya rubutu a kai a kowane lokaci. Dole a kwafe bayanan zuwa RAM ɗin baƙo mai kulle tukuna, a yi hash a kan kwafin, a kuma tayar da wannan kwafin. Wanda ya duba a buɗaɗɗen shafi sannan ya kwafa ya ba mai masauki tazarar da zai sauya kaya.

Sai kenel ɗin kansa. Fayil ɗin kenel, bzImage, kashi biyu ne a wurin QEMU, sashen shiri da sauran jiki, kuma kowanne da nasa gurbin a fw_cfg. QEMU yana yin hash a kan biyun a haɗe. Matsalar ita ce tun da can x86_load_linux, sashen QEMU mai loda kenel, yana rubutu a goshin sashen shiri: nau'in mai lodi, adireshin layin umarni, adireshin initrd da girmansa. Da an bar wannan, hash ɗin zai dogara da girman RAM da sauran abubuwan da mai masauki ya zaɓa, ba zai taɓa yin daidai da abin da sha256sum ke bayarwa a kan fayil ɗin ba. An sa sharaɗi cewa idan SEV na kunne kada a taɓa goshin. Babu asara, domin kenel da ke tashi ta EFI yana cike waɗannan filaye da kansa.

Abin da ya ɓaci kafin 6.2 ya fito

Facin farko ya shiga QEMU a Oktoban 2021, kuma yana ƙara teburin kai tsaye ga duk baƙon SEV da aka ba -kernel. Nan da nan abu biyu suka fito.

Na farko, ginin OVMF na yau da kullum, OvmfPkgX64, shi ma yana ɗauke da waccan shigarwa mai 7255371f, domin lambar da ke gina jerin ɗaya ce a duk gine-ginen. Sai dai bai ware wa teburin wuri ba, don haka adireshi sifili ne, girma sifili. QEMU ya ga GUID ya ɗauka akwai wuri. Baƙin da ke tashi lafiya a da suka fara samun matsala. Gyaran shi ne a duba cewa adireshin ba sifili ba ne kuma girman ya kai na teburin, in ba haka ba QEMU ya tsaya da saƙon cewa yankin teburin ba daidai yake ba, ya nuna adireshi da girma.

Na biyu ya fi zurfi. Duk wanda ya riga ya gina tsarin shaida yana lissafa LD daga OVMF kaɗai. Sabunta QEMU a wurin mai masauki zai ƙara bayit 176 cikin awo ba tare da mai injin ya sani ba, shaida ta faɗi, sirri ya ƙi fita, injin ya ƙi tashi. Daga ɓangaren mai injin kuwa babu yadda za a bambanta wannan da hari. Saboda haka aka ƙara zaɓin kernel-hashes a kan sev-guest, a kashe sai an kunna shi, kuma da shi QEMU 6.2 ya fito a Disamban 2021. libvirt 8.0.0, manhajar sarrafa injunan QEMU, ya bi baya da kernelHashes='yes' a cikin launchSecurity. Wannan hukunci daidai ne, ko da yake yana da tsada: wanda ya manta ya kunna zaɓin, yana kuma amfani da OVMF ta yau da kullum, zai sami baƙo mai tashi lafiya, awo mai dacewa, da kenel ɗin da ba wanda ya duba.

Tayarwa da tantancewa a aikace

Ga yadda umarnin yake ga baƙon SEV-ES, wato nau'in SEV da ke kulle har rijistocin masarrafi, mai masarrafai biyu a kan EPYC Rome:

qemu-system-x86_64 -enable-kvm -cpu EPYC-v4 -smp 2 -m 2048 -machine q35,confidential-guest-support=sev0 -object sev-guest,id=sev0,cbitpos=47,reduced-phys-bits=1,policy=0x5,kernel-hashes=on,dh-cert-file=godh.b64,session-file=session.b64 -drive if=pflash,format=raw,unit=0,file=OVMF.fd,readonly=on -kernel vmlinuz -initrd initrd.img -append "console=ttyS0" -S -qmp unix:qmp.sock,server=on,wait=off

Lambar cbitpos tana fitowa daga CPUID 0x8000001F: 47 ce a EPYC Naples da Rome, 51 a EPYC Milan. Manufar 0x5 bit biyu ce, na sifili mai hana mai masauki amfani da umarnan binciken kuskure wajen buɗe RAM, da na biyu mai tilasta SEV-ES. Baƙon da ba a kunna masa bit na sifili ba, ba shi da sirri daga mai masauki ko da awonsa ya dace, don haka mai injin ya duba manufar da kansa. OVMF.fd ya zama fayil guda na ginin AmdSev. Idan aka raba shi zuwa CODE da VARS, na biyun ba ya shiga awo, kuma a cikinsa jerin abin da za a tayar yake. Shi kuwa -S yana tsayar da injin kafin LAUNCH_FINISH, lokacin da za a iya saka sirri.

Ta QMP, hanyar aika wa QEMU umarni, query-sev yana ba da lambobin API da ta gini da manufa, query-sev-launch-measure yana ba da bayit 48 ɗin nan a base64. Lambobin daga bakin mai masauki suke fitowa, amma suna cikin HMAC, ƙarya a kansu ba ta wucewa. Abin da ya rage ga mai injin shi ne ya ƙi tsohuwar manhajar PSP da aka san tana da rauni. Yana lissafa LD a matsayin SHA-256 na fayil ɗin OVMF, sai teburin mai 176, sai VMSA, shafin rijistocin farko, na kowane masarrafi idan SEV-ES ne. In HMAC ya dace, sai ya kulle sirrin da TEK ta AES-CTR, ya haɗa kan saƙo wanda MAC ɗinsa ya ƙunshi awon, ya aika ta sev-inject-launch-secret, umarnin da ya zo a QEMU 6.0. Tun da awon na cikin MAC, saƙon ba ya aiki a wani tashin. Daga Linux 5.19 direban efi_secret yana nuna sirrin a ƙarƙashin /sys/kernel/security/secrets/coco. Ba sai an rubuta wannan lissafi da hannu ba, virt-qemu-sev-validate na libvirt da sev-snp-measure duk suna yin sa.

Wanda ya rubuta nasa mai lissafin, a wurare huɗu ya fi yin tuntuɓe. Hash na layin umarni yana haɗawa da bayit sifili na ƙarshe, don haka ko ba a ba da -append ba ana yin hash na bayit ɗaya, mai farawa da 6e340b9c. Idan ba initrd, ba a cire shigarwar, ana saka hash na babu komai, mai farawa da e3b0c442. GUID ana rubuta kashi ukunsa na farko a juye, wato 9438d606 yana zama 06 d6 38 94 a cikin tebur, kashi biyun ƙarshe kuwa yadda suke. Sai sifili takwas na ciko. Kuskure a ɗaya daga cikinsu yana ba da sakamako iri ɗaya, HMAC bai dace ba, ba tare da wata alamar inda aka kauce ba. Hanyar gano shi ita ce a rage abubuwa: a tayar da SEV zalla ba -kernel, a tabbatar OVMF kaɗai ta dace, a ƙara tebur, sannan a kunna ES.

Akwai wani umarni na biyu, query-sev-attestation-report, da ya zo a QEMU 6.1. HMAC ɗin da aka yi da TIK mai zaman kaɗai ke iya tantance shi. Wannan kuwa ana ba shi lambar sau ɗaya mai bayit 16, PSP ya mayar da rahoto mai ɗauke da lambar da LD da manufa, da sa hannun PEK, wanda duk mai sarkar satifiket zai iya dubawa ko bayan baƙo ya fara gudu.

Sau uku da aka sake karya shi

A 2022 an ƙara wa QEMU hanyar ba kenel irin lambobin bazata tun farkon tashi, ta setup_data. Niyya mai kyau ce, kenel yana bukatar wannan da wuri. Amma sai an sami inda za a liƙa bayanan, kuma an gwada liƙa su a bayan hoton kenel, daga baya a bayan layin umarni a cikin fw_cfg. Ga baƙon SEV wannan yana nufin abin da OVMF ta karanto ya daina zama abin da mai injin ya lissafa, ga shi kuma bayanan suna sauyawa a kowane tashi. An janye aikin gaba ɗaya a farkon 2023, kafin QEMU 8.0. Ba laifin wanda ya rubuta facin ba ne: x86_load_linux ya shekara da shekaru yana gyara abin da yake miƙa wa baƙo, kafin SEV ba a ɗaukar fayilolin a matsayin abin da ba a taɓawa.

Na biyu daga KVM ya zo. A SEV-ES kowane masarrafin baƙo yana da VMSA, shafi mai bayit 4096 da ke ɗauke da rijistocinsa na farko, kuma dukansu suna shiga LD. Don haka yawan masarrafai yana sauya awo, nau'in -cpu ma haka, domin iyali da samfurin masarrafi suna cikin RDX, kuma na farko ya bambanta da sauran a adireshin farawa. Lokacin da Linux 6.6 ya kunna wani zaɓin SEV-ES mai suna DebugSwap, bit ɗaya ya sauya a filin sev_features na VMSA, awon baƙin SEV-ES ya sauya, sai da aka mayar da shi a kashe. Sabuwar hanyar KVM_SEV_INIT2 ita ma tana saka ƙarin yanayin masarrafi a VMSA, shi ya sa QEMU 9.1 ya zo da legacy-vm-type don masu son tsohon awo.

Na uku shi ne ya fi tayar da hankali, domin ba awo ya ɓata ba. A tsarin farko, idan hash bai dace ba OVMF tana mayar da kuskure, ta ƙi wannan kenel ɗin, sannan ta ci gaba zuwa abu na gaba a jerin tayarwa. Mai masauki zai iya rubuta tebur na gaskiya, awo ya dace, mai injin ya saki sirri, sannan ya lalata fw_cfg da gangan, misali ya faɗi girman da RAM ba zai ɗauka ba, don OVMF ta haƙura ta nemi wata hanya. A 2024 aka gyara: idan tebur yana da shigarwa ga fayil kuma hash bai dace ba, ko ɗauko fayil ɗin ya gagara, OVMF tana shiga CpuDeadLoop ta tsaya cak. Ana barin ta ta ci gaba ne kawai idan teburin bai ce komai a kan fayil ɗin ba, domin rashin teburin yana bayyana a awo. Duk mai amfani da ginin AmdSev da ya girmi wannan gyara ya kamata ya sake gini, ya kuma cire tsohon LD daga jerin waɗanda yake karɓa.

SEV-SNP da abin da ya rage a buɗe

SEV na asali yana kulle RAM amma ba ya hana mai masauki musanya shafuka, kamar yadda harin SEVered ya nuna a 2018, ko mayar da tsohon abin da ke cikinsu. Teburin hash ma a RAM yake. SEV-SNP, wanda ya zo da Milan a 2021, ya toshe wannan da teburin RMP mai riƙe da mamallakin kowane shafi. KVM ya karɓe shi a Linux 6.11, QEMU kuma a 9.1 ta sev-snp-guest, da kernel-hashes ɗinsa. Tsarin teburin bai sauya ba, amma awo ya koma shafi-shafi da SHA-384, kuma kowane mataki yana haɗa awon baya, hash na shafin, nau'insa da adireshinsa. Don haka shafin mai 4096 gaba ɗaya ke shiga, teburin a gurbinsa, sauran sifili, kuma OVMF tana bayyana shafin a bayanan SNP ɗinta da nau'i 0x10. Shaidar ma ta koma cikin baƙo: shi ke neman rahoto ta /dev/sev-guest, ya saka bayit 64 nasa, galibi hash na mabuɗin TLS da ya ƙirƙira, PSP ya sa hannu da mabuɗin VCEK ta ECDSA P-384. QEMU ya fita daga tsakiyar musayar sirri.

A SEV da SNP duka, awo yana tsayawa ne a initrd. Faifan da kenel zai hau daga baya yana hannun mai masauki. Hanyar da aka saba bi ita ce dm-verity: a gina bishiyar hash ta faifan, a saka tushenta a layin umarni, layin umarni kuma yana cikin tebur. Wannan yana nufin duk sauyin faifai yana sauya layin umarni, ya sauya LD, don haka mai injin yana bukatar wurin ajiye awon da ya yarda da su da hanyar soke tsofaffi. Teburan ACPI kuwa, masu bayyana wa kenel na'urorin injin, QEMU ke gina su, ta fw_cfg suke shigowa, ba sa cikin shigarwa ukun nan, kuma suna ɗauke da lambar AML da kenel ke gudanarwa da cikakken iko a cikin baƙo. Wanda ke gina kenel don irin wannan injin ya rage direbobi zuwa virtio da abin da ya zama dole, ya kuma ɗauki duk abin da ya fito daga ACPI da na'urorin kwaikwayo a matsayin saƙon mai masauki.